Hannun da Ya Tashi a Ƙarshe

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. In na yi kuskure, ku rufa mini asiri.

Ƙungiyar manoman wani gari tana da sito, da injin casa, da asusun ajiya na mutum sittin. Dokarta ita ce ko buhu ɗaya ba ya fita sai an zauna an ɗaga hannu. Wannan doka ta tsaya wa Shugaba a wuya. Wani ɗan kasuwa ya yi tayin kwashe hatsin duka da araha, da kason Shugaba a gefe, amma sau uku ana zama ana watsa masa ƙasa a ido.

Rana tsaka ya ɗauki littafin da mambobi ke dangwala yatsa, ya nufi wurin boka, a wani rusasshen ɗaki bayan gonaki. Tukwane bakwai ne a kife, da baƙar fatar akuya, da kwano cike da jan ruwa. Ko ƙuda ba ya shiga ɗakin. Boka ya tsoma yatsa a ruwan, ya bi tambarin yatsun nan sittin yana shafawa ɗaya bayan ɗaya.

"Daga yau ba mai musa maka," in ji shi.

"Nawa zan biya?"

"Riƙe kuɗinka. Duk ranar da kuka zauna, hannun da ya tashi a ƙarshe, mai shi nawa ne."

Shugaba ya tuna wani tsoho da ake kira Mai Gardama, ya yi murmushi. "Ai taimakona za ka yi."

"Ka ji da kyau?"

"Na ji."

A zama na gaba, bai rufe baki ba hannaye suka miƙe. Na Mai Gardama ne ma farko. Sai ƙanen Shugaba, magatakardan ƙungiyar, ya dube shi ya ce, "Yaya, anya kuwa?" Sannan ya ɗaga nasa a hankali. Bayan kwana uku aka tsinci gawarsa kwance a kunyar gona, ko ciwon kai bai yi ba.

Dukiya ta zo. Gida ya sha fenti, motar kaya ta tsaya a ƙofa. Da aka zo zaman ba shi aron asusun, ya ce wa matarsa, wadda ita ma mamba ce, ta zauna a gida.

"Haba Maigida, a ce matar Shugaba ta raina taro?"

"To ki ɗaga da sauri."

"Sai ka ce gasar tsere?" ta ce, tana dariya.

A wurin taron ta tsaya kallon fuskarsa, don ta ga ramar da ya yi. Ita ce ƙarshe. Washegari ta tashi da hannu a sama, ba ya sauka, tana zagaya tsakar gida tana cewa, "Na yarda, na yarda." Nan ya gane: asirin nan bare yake kamawa nan take, masu ƙaunarsa ne ke jinkiri.

Ya daina kiran taro. Hatsin da aka sake tarawa ya ruɓe a sito, injin ya yi tsatsa. Da ruwa ya sauka ba a raba iri ba, mambobi suka zo ƙofarsa suka zauna, har da mahaifiyarsa.

"A tsige ni," ya ce.

Hannu hamsin da wani abu suka tashi lokaci guda. Saura nata.

"Ni ba na tsige ɗana," in ji tsohuwar, tana kuka, alhali hannunta ya fara yin sama.

"Inna, ki yafe mini."

Ya ruga ya kama hannunta ya ɗaga, ya tabbata ya miƙe, sannan ya ɗaga nasa.

Bai kai magariba ba. Ƙungiyar ta watse, gonaki suka kwana babu shuka, tsohuwa ta rage da suruka mahaukaciya a gidan da ba mai shiga.

Kai da aka ba amanar jama'a, ka ji tsoron Allah. Wanda ya ce maka a'a a bainar taro, shi ke tsare maka rai. In kwaɗayi ya sa ka rufe bakinsa, naka ne za su fara biya.

Iyakar abin da na iya ke nan. Bari in ajiye muku takardar nan a kan benci, in sulale tun ba ku waiwayo ba.