Yafe da Yafa

A can wani zamani, garuruwa biyu suka yi yaƙi har suka gaji, amma ba mai gaida wani. Da damina ta faɗi, wani manomi ya haye rafin da ya raba garuruwan da kwandon irin shinkafa, ya durƙusa gaban wata tsohuwa da ya ƙona wa rumbu a lokacin yaƙin.

Ya ce, "Inna, ki yafe."

Jama'a suka taru suna jiran amsarta. Tsohuwa ta karɓi kwando, ta nufi fadamarta da sauri, ta yafa nan, ta yafa can, har irin ya ƙare.

Manomi ya bi ta a guje. "Inna, yafe na ce, ba yafa ba!"

Ta yi dariya. "Na ji ka sarai, ɗana. Da ban yafe ba, zan yafa irinka a gonata? Ran girbi ka zo da mutanenku."