Gidan da Aka Ƙidaya Mutum Ɗaya

Su uku ne a gidan Labbo da ke gefen garin Sabon Birni: tsohon, da 'yarsa Ruƙayyatu, da jikarsa Ummi mai shekara biyar. Ba su rasa gero ba. Abin da suka rasa shi ne mai yi musu sallama. Tun da aka kai hari Gatawa, aka baza cewa dangin Labbo ne suka nuna wa maharan hanya, maƙwabta suka ɗauke ƙafa.

Wata Sadiƙa ce ta kai maganar gidan surukan Ruƙayyatu, don ta daɗe tana son mijin, Hafizullahi, wanda ɗan kawun ita Sadiƙar ne. Dangi suka taru a kansa. Shi kuwa, malamin firamare mai sanyin hali, ya rubuta saki ɗaya. Daga baya gaskiya ta fito, ashe shanun Labbo ma a harin aka kore su. Amma kunya ta hana shi zuwa biko. Iddar Ruƙayyatu saura kwanaki kaɗan ta cika, Labbo kuwa ya rantse in ta cika ba zai sake ba shi aurenta ba.

Ranar Talata da hantsi tana tankaɗe, sai ta ji sallama.

Muryar Hafizullahi ce.

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ummi ta sheƙa da gudu ta rungume ƙafafunsa.

Yana sanye da rigar ma'aikatan ƙidaya, na'ura a hannu, wakilin mai unguwa a bayansa. An ɗauki malamai aikin ƙidayar jama'a, unguwar ta faɗo a rabonsa. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Labbo.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya. Gaisuwa ta kawo ka ko gwamnati?"

"Gwamnati, Baffa," ya ce, kansa a ƙasa.

"To yi aikinka."

Ya rubuta tsohon, ya rubuta yarinyar. Ummi ta leƙa na'urar.

"Baba, ka ƙidaya ni a gidanmu na can?"

"A'a, ɗiyata. Inda mutum ya kwana, nan ake ƙidaya shi."

"To kai da wa anka ƙidaya?"

"Ni kaɗai."

Ruƙayyatu ta juyar da kai. Ita ma dare nawa ta yi tana ƙirga azarar ɗaki, ba mai ce mata sannu?

Ya matso ya tsuguna nesa kaɗan da tabarmarta.

"Suna?"

"Har sunan ya ɓace maka, Malam?"

"Ƙa'ida ce... sai an tambaya."

"Ruƙayyatu Labbo."

"Shekarunki nawa lokacin aurenki na farko?"

"Ban riƙe ba. Shekarar da gulbi ya ci gonakin fadama dai."

"Sha tara," ya ce a hankali. "Bayan ƙaramar salla da kwana tara. Kin sa atamfa shuɗiya, kin ƙi cin komai sai fura."

Idanunta suka kawo ruwa, ta hana su zuba.

Yatsansa ya tsaya a kan tambaya ta gaba, ya kasa karantawa. Wakilin mai unguwa ya yi gyaran murya.

"Malam, gidaje talatin na jiran mu."

"Matsayin aure..." Ya karanta ba tare da ya ɗago ba. "Matar aure, ko wadda anka saka, ko wadda mijinta ya rasu?"

"Mi ka rubuta wa kanka?" ta tambaya.

"Mai aure."

"Mai aure, shi kaɗai a gida?"

"Hannuna ya ƙi taɓa ɗayan, Ruƙayya."

"Amma bai ƙi alƙalami ba ranar da anka ce ka sake ni." Ba ta ɗaga murya ba. "Kusan wata uku, Malam. Kullum in anka taɓa ƙyauren gidan nan, sai in ce kai ne. Iska ce. Kai ka rubuta waccan takardar, kai za ka cike wannan. Ni ba ni da amsa."

Ya ajiye na'urar a ƙasa. Ya juya ya fuskanci Labbo, gwiwa biyu.

"Baffa, na zalunce ku. Na ji maganar mutane, ban tambaye ku ba. Ga wakilin mai unguwa shaida, ga ka: na mayar da matata. In ka ce in tashi, za ni tashi, amma gobe za ni dawo."

Labbo ya jingine sandarsa.

"Idda ba ta cika ba, hakkinka ne, rantsuwata ba ta hau ba. Amma zuciya ba a hannuna take ba. Tambaye ta."

Hafizullahi ya dube ta.

"Hasken gidana... mi zan rubuta? Mi za ni rubuta, Ruƙayya?"

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe, hawaye na sauka a kan garin.

"Innarka da ta ce in fita, ita za ta zo ta ce in koma. Da rana, kowa na gani."

"Za ta zo. Da kaina za ni kawo ta."

"To... rubuta matar aure."

Ya taɓa na'urar. Da zai fita ya zana lambar gidan da alli a jikin ƙyaure, ya miƙa wa Ummi guntun allin.

Ummi ba ta san idda ba, ba ta san ƙidaya ba. Abin da ta gane shi ne babanta ba zai ƙara kwana shi kaɗai ba.