Aikin Hannuna Ne

Tun daga yadda Mama, mahaifiyar Dogo, ta amsa gaisuwa Malama ta san yau babu daɗi. Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, ta biyo gidan su Dogo kamar yadda ta saba. Kullum da "'yata" ake tarbarta, yau kuwa "lafiya" ɗaya tak ta samu, ita ma a daƙile. Katunan aurenta da Dogo na jibge a kan tebur, saura mako biyar. Auta, ƙanwar Dogo, ta takure a kujera idanunta sun kumbura, shi kuwa gogan yana tsaye jikin taga kamar an dasa shi.

"Ashe ke ce za ki tozarta mu?" in ji Mama. "Duk ajin kin ba su makinsu, sai 'yata kika riƙe wa takarda?"

"Mama, ba tozarci ba ne. Rubutun ne ba nata ba."

"Anti, don Allah!" Auta ta fashe da kuka. "Asayimen ɗaya ne fa! A akwatin Yaya na gani, tsohon nasa ne. In kika kai ni ofis sai na maimaita shekara!"

"Kin ji ko?" in ji Mama. "Na yayanta ne, kayan gida ne, ba na wani ta ɗauka ba. In ba za ki rufa wa Auta asiri tun kina waje ba, in kin shigo gidan nan me za mu gani? Ki zaɓa, ko takardar, ko katunan nan!"

Malama ta dubi Dogo ko zai ce wani abu. Sai ya juya fuska wajen taga.

Ita da shi duk tsofaffin ɗaliban kwalejin da Auta ke karatu ne, 'yar ƙaramar makarantar Kirista mai azuzuwa shida da majami'ar da rufinta ke yoyo. A nan suka haɗu, a nan suka gama, suka fita duniya, sai ga shi sun dawo koyarwa, ita adabi, shi lissafi. Makarantar tana da al'ada guda: duk dogon rubutun da ɗalibi ya yi, sai ya rubuta a ƙarshensa da hannunsa, "Aikin hannuna ne, Allah ne shaida," ya sa hannu. Wanda ya yi ƙarya a layin nan ya maimaita shekara.

Dogo ya rako ta bakin ƙofa, ya sassauta murya.

"Kin dai san in kika kai ta, ni kika kai."

"Na sani. Har da ni kaina."

Abin da Mama ba ta sani ba ke nan, Auta ma ba ta sani ba. Rubutun a kan haƙuri ne, kuma a tsakiyarsa akwai labarin wata kaka makauniya da take zura zare a allura da lalube. Malama na ganin kakar nan a takardar Auta gabanta ya faɗi, domin kakarta ce. Shekara takwas da suka wuce ita ta zauna ta rubuta wa Dogo aikin, saboda in aka ce lissafi ba a kama shi, amma a ba shi alƙalami ya yi shafi biyu sai ya fara gumi. Ya kwafe da hannunsa, ya sa layin rantsuwa, ta tsaya tana kallo tana murmushi. A lokacin so take kiran abin.

"Haba, abin da ya wuce!" ya ce. "Ki ba ta maki kawai, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Kullum ina tsayawa gaban yaran nan ina ce musu su sa hannu. Da wane ido zan ƙara kallonsu?"

"To ashe makarantar ta fi ni a wurinki."

Ya juya ciki. Ta yi kuka a hanya har mai sayar da jarida ya tambaye ta ko rasuwa aka yi.

Da safiyar Litinin ta ƙwanƙwasa ofishin Baba Shugaba, tsohon da ya koyar da su duka biyun, kuma har yanzu tabaransa ɗaure yake da zare a kunne ɗaya. Ta ajiye takardar Auta, ta faɗi komai, ta fara da laifin kanta. Sunan wanda ta rubuta wa ne kawai ta ƙi kamawa.

Baba ya karanta shafin farko, ya cire tabarau.

"Kaka mai allura," ya ce a hankali. "Ni na ba rubutun nan maki mafi yawa a shekarar. Har a taron sujada na majami'a na karanta shi, na ce wa ɗalibai su yi koyi. Ba sai kin faɗi suna ba, 'yata. Zan jira ya kawo kansa."

An dakatar da Malama zango guda. Auta ta maimaita shekara. Mama ta aika aka karɓo katunan da aka riga aka raba, ta ce a gaya wa Malama ta kwashe tsarkinta ta kai wani gidan. Matan zumunta na coci suka samu abin taunawa. Dogo bai kira ba, bai zo ba, ga shi yana ta koyarwa abinsa. Wannan ne ya fi ci mata rai. Ta rame, ta daina ɗaga waya, akwai ma ranakun da ta yi da-na-sani ƙarara, ta ce da ta ja bakinta ta yi shiru da yanzu tana ɗakinta.

A mako na bakwai, wata safiya, ta je sujada ta zauna a bencin baya. Ana gama waƙa sai ta ga Dogo ya miƙe ya nufi gaba.

"Ɗalibai," ya ce, "malaminku ya taɓa rantsewa a kan rubutun da ba nasa ba. Ƙanwata daga wurina ta koya. Wadda ta faɗi gaskiya kuma na bar ta ita kaɗai tana shan hukunci. Ku gafarta mini."

Baba Shugaba ya tashi.

"Ka daɗe a hanya," ya ce. "Kai ma zango guda a gida. Sannan makaranta tana binka rubutu ɗaya, a kan haƙuri. A ajin 'yan shekarar ƙarshe za ka zauna ka yi shi, benci ɗaya da ƙanwarka."

Haka kuwa aka yi. Ƙaton malami ya lanƙwashe dogayen ƙafafunsa a ƙarƙashin teburin ɗalibai yana cizon biro. Auta ta samu saba'in da nata kan. Shi hamsin da biyu ya samu, da ƙyar.

Da kanta Mama ta tako gidan su Malama, Auta na biye da ita.

"'Yata," ta ce, "ni na ɗauka rufin asiri shi ne a binne laifi. Na yi miki rashin adalci. Ki yafe wa uwarki."

"Anti, sori," in ji Auta, ta rungume ta.

Ranar ɗaurin aure, da fasto ya miƙo littafin rajista, Dogo ya sa hannu a hankali, ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Wannan kam da kaina na rubuta."

Ta yi dariya hawaye na zuba. Shekara guda gaskiya ta jinkirta mata aure, amma ta ba ta mijin da ba za ta riƙa kau da kai ba in ya rantse. Duk wanda yake sonka har ya taya ka ƙarya, bai gama sonka ba tukuna.