Sakan Goma Sha Ɗaya na Muryar Wata

Ina ɗakin tace shirye-shirye lokacin da mai gabatar da filin waƙoƙi ya turo ƙofa da kafaɗa, waya a hannunsa.

"Amarya, angonki ya tayar da gari. Kin ji sabuwar?"

"Ban ji ba. Ya ce sai ya gama zai jiyar da ni."

"To duniya ta riga ki."

Ya ajiye wayar a kan tebur ya danna.

Ba kiɗa ne ya fara fita ba. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, da ƙarar wata tsohuwar fanka a bayanta.

"Idan aka rufe ƙofar nan, sai in riƙa ƙirga 'ya'yana a zuci... ɗaya, biyu... uku... in sake komawa farko."

Daga nan kiɗa ya shigo, sannan muryarsa.

Na san fankar. Na san inda matar ta ja numfashi tsakanin biyu da uku. Ni ce na zauna a gabanta wata ranar Talata, a ɗakin ƙanwarta, na ɗora rikodata a kan kujera, na yi mata alkawarin babu kunnen da zai ji muryarta sai nawa.

"Lafiya? Kin yi wani iri."

"Mayar da ita farko."

Ya mayar. Na duba agogon bango. Sakan goma sha ɗaya.

Matar tela ce a wata masana'antar ɗinki da ake sa wa ɗakin aikinta kwaɗo daga safe har la'asar, don kada kowa ya fita. Wata biyu ina bin ma'aikatan kafin ɗaya ta yarda ta yi magana. Ƙa'idar gidan rediyonmu a irin wannan ba ta da wuya: a rubuta kalaman, wata daga cikinmu ta karanta, ainihin muryar kuma ta zauna a katin rikoda har rahoto ya fita, lauya ya ce a goge. Rahoton bai fita ba tukuna.

Angon nawa kuma mawaƙi ne, Kanari nake kiransa. Hira na je yi da shi shekara biyu da suka wuce, ya ɓata rabin lokacin yana tambayata game da rikodar: me ya sa take da kunnuwa biyu, mene ne amfanin soson da ke kanta, ko tana ɗaukar raɗa. Washegari ya sayi irinta. Karin waƙa yakan zo masa a kan hanya ko a layin jiran mota, sai ya ciro ta ya rera ƙasa-ƙasa kafin ya gudu masa. Ranar Lahadi yakan zauna ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya yana tsintar na kirki.

Kunne yake ce mini. Ya ce ni kaɗai ce macen da ya sani da ke sauraron magana har ƙarshenta.

Yayana bai taɓa son zancen ba.

"Ba sana'arsa nake ƙi ba," ya ce wa Umma a gabana. "Mutumin da duk abin da ya ji sai ya rera shi, ina zai ajiye maganar gida?"

Wata takwas na yi ina wannan faɗan, na kuma ci. An sa rana. An buga katin gayyata. Saura mako biyar.

Makonni uku kafin ranar da nake ba da labari, rikodarsa ta faɗa bokitin wanki. Ya zo ofis ya ari tawa ta kwana biyu.

"Akwai aiki a ciki," na ce. "Kada ka taɓa."

"Ni da ke, Kunne? Ko kallonsa ba zan yi ba."

Ya kamata in cire katin in sa wani. Wani katin yana cikin aljihun tebur a bene na sama, ni kuma ina sauri zan shiga labaran rana. Wannan laifina ne, haka kuma na rubuta shi a bayanin da na ba edita daga baya.

Na same shi a situdiyo da misalin ƙarfe huɗu. 'Yar amshinsa tana zaune a kan hannun kujerarsa, suna kallon waya ɗaya. Shekara shida tana yi masa amshi, kuma tun da aka sa ranarmu take kirana "Antinmu ta labarai".

Ya miƙe da fara'a. "Zuciyata, kin ji? Mutum dubu arba'in sun saurara tun safe!"

"Muryar wa ce a farko?"

Fara'ar ta ragu, amma ba ta tafi ba.

"Zauna in yi miki bayani."

"Muryar wa ce?"

"Ban san ta ba. Ina bin fayilolina ne ranar Lahadi, yatsana ya wuce zuwa naki. Wallahi na yi niyyar kashewa. Amma Kunne... kin ji yadda take ƙirgawa? Ɗaya, biyu, sai ta tsaya, sai uku. Wata uku ina neman wannan tsayawar ban samu ba."

"Na ce maka kada ka taɓa."

"Babu sunanta a ciki. Babu sunan wurin. Na so in fara jiyar da ke, in kin ce a'a in cire."

"To wa ya saka ta a intanet?"

Ya kalli 'yar amshin. Ita kuma ta kalli farcenta.

"Ni na saka," ta ce. "Na ga ta nuna, me za a jira? Kuma Antinmu, ai talla aka yi wa rahotonki kyauta. Da ni ce sai in yi godiya."

"Ban yi magana da ke ba."

"Ai shi ya sa na yi da ke."

Na juya gare shi. "Ka cire ta yanzu."

"Zan cire. Amma an riga an kwafa, tana wayar kowa." Ya matso ya rage murya. "Ki bari in gyara. Zan nemo matar, in sa sunanta a jikin waƙar, a san ita ce. Haƙƙinta ne."

Na daɗe ina kallonsa. Da gaske yake. A sana'arsa babu zaluncin da ya kai a yi amfani da muryar mutum a ɓoye sunansa. Shekara biyu muna tare, bai taɓa fahimtar cewa a tawa sana'ar sunan ne ke kashe mutum ba.

Washegari da safe na tafi gidan ƙanwar telar. A hanya na ji waƙar sau biyu, ɗaya a shagon aski, ɗaya a cikin tasin da na hau. Direban ya ƙara murya a daidai wurin ƙirgar.

"Wannan matar ta taɓa ni," ya ce. "Ko wace ce ita?"

Na ce ban sani ba.

Na tarar da ita zaune a bakin gado da kayan aiki a jikinta, ƙarfe goma na safe. Fankar tana juyawa. Ba ta ce in zauna ba.

"A ɗakin aiki aka kunna ta," ta ce. "Wata yarinya ce a layi na uku. Kafin a kai amshi kowa ya juyo yana kallona. Shekara tara ina gaishe su da wannan muryar."

"Shugaban sashe ya ji?"

"Shi ya karɓi wayar ya sake kunnawa. Ya ce, 'Ashe ƙofarmu ce ke damunki? To ga ta a buɗe.' Ya buɗe mini da hannunsa."

"Yaya, ki yi haƙuri. Zan yi magana da lauyanmu, akwai..."

"Kada ki ce mini Yaya."

Ta nuna jakar da rikodata ke ciki.

"Na tambaye ki sau uku a ɗakin nan. Kika ɗaga wannan abar kika nuna mini, kika ce maganata tana ciki kamar a akwati mai makulli." Ta gyara ɗankwalinta. "An ce mijin da za ki aura ne."

"Shi ne."

"To Allah ya ba da zaman lafiya. Babban ɗana ya dawo daga makaranta jiya yana rera ni. Bai san ni ce ba. Shi ne 'ɗaya'."

Ƙanwarta ta raka ni ƙofa, ta rufe kafin in gama sallama.

Edita bai ɗaga murya ba. Ya karanta bayanina mai shafi ɗaya, ya ɗora biro a kai.

"Sauran mata biyun da suka yi alkawarin magana sun kira da safe. Sun fasa. Rahoton ya mutu." Ya cire tabarau. "Ba zan kore ki ba. Amma ba zan iya tura ki gaban kowa ki ce masa ya yarda da ke ba. Ajiye rikodar a nan."

Na ajiye. Ya mayar da ni filin gaishe-gaishe na yamma, ya kuma hana a sa waƙar a tasharmu.

Kwana huɗu Kanari yana kira ban ɗauka ba. A na biyar ya zo gida bayan la'asar. Yaya ne ya buɗe masa, ya kai shi falo, ya leƙo ɗakina.

"Baƙonki. Ni ban ce komai ba, kuma ba zan ce ba."

Ya rame. Ya zo da rigar da na saya masa, abin da ya ba ni haushi fiye da yadda na zata.

"Na sallami 'yar amshina," ya ce. "Shekara shida, na sallame ta saboda ke."

"Ita ta saka. Kai ka ɗauka."

"Na sani. Kunne, na sani. Ki hukunta ni yadda kike so, amma kada ki ce mako huɗun nan ba za su zo ba. Ban iya komai ba in ba ke."

Na so in yafe masa. Zan faɗi gaskiya, da wannan niyyar na fito falon. Na zauna na fara gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba: yadda matar ta zauna da kayan aiki a bakin gado don ba ta san me za ta sa ba in ba su ba, yadda ɗanta ke rera ta, yadda na ajiye rikodar a teburin edita. Muryata ta karye. Ban saba kuka a gaban mutane ba, sai maganar ta riƙa fita guntu-guntu, in faɗi kalma biyu in tsaya.

Idonsa ya cika da hawaye. Hawayen gaske ne, ba na shakka.

Sai na kalli hannunsa.

Yatsunsa biyu suna bugun gwiwarsa a hankali. Biyu, tsayawa, ɗaya. Biyu, tsayawa, ɗaya. Suna bin numfashina.

Na yi shiru. Yatsun suka ƙara bugu ɗaya, suka tsaya.

"Me kake yi?"

Ya kalli hannun kamar na wani ne. Ya damƙe shi.

"Ban sani ba... wallahi ban san ina yi ba."

"Na yarda."

"To ki..."

"Na yarda ba ka sani ba. Shi ya sa."

"Masoyiyata, hannu ne kawai."

"Zan yi rashin lafiya a gidanka. Zan yi faɗa da kai, zan haihu, wata rana Umma za ta rasu in yi kuka a kafaɗarka. Duk lokacin zan riƙa kallon yatsunka."

"Zan daina waƙa."

"Ba za ka daina ba. Kuma ba na so ka daina, ka iya." Na miƙe. "Yaya zai kira manyanku gobe."

Ya daɗe a zaune bayan na shiga ciki. Na ji Umma ta kai masa ruwa, na ji ya yi godiya, na ji ƙofa. Da ta shigo ɗakina ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ɗauke kwalin katin gayyata daga kan durowa ta fita da shi.

Lauyanmu ya rubuta wa masana'antar wasiƙa biyu. Ba su amsa ba. Na ji an ce telar tana karɓar gyaran kaya a ƙofar gidan ƙanwarta, da keken aro. Na bi ta layin sau ɗaya, na gan ta daga nesa, ban tsaya ba. Kwaɗon yana nan a ƙofar ɗakin aikin.

Yanzu wata bakwai ke nan ina filin gaishe-gaishe, daga biyar zuwa shida. Mutane suna kira su gai da 'yan'uwa su zaɓi waƙa. A kowace rana aƙalla mutum uku ke neman waƙar Kanari.

Jiya wata yarinya ta kira, muryarta cike da dariya, ana jin ƙawayenta a bayanta suna zuga ta.

"Anti, ina gai da wanda zan aura, saura kwana goma. A sa mana waccan mai ɗaya, biyu, uku. Ya ce duk lokacin da ya ji ta ni yake tunawa."

"Allah ya sanya alheri," na ce. "Ba mu da ita."

"Haba Anti, kowa fa yana da ita."

"Mu ba mu da ita. Zaɓi wata."