Ina Za Mu Tsaya Mu Kalli Kusufi?

Akwai wani yaro ɗan aji biyar wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya zauna, ƙafarsa na rawa. In ya tsaya, idonsa na can wani wuri. Kakarsa takan tsokane shi ta ce, "Maigidana, ko ƙaya ce a kujerar taka?"

Wata rana malamar kimiyya ta shigo aji riƙe da kwali. Ta ce ranar Asabar za a yi kusufin rana. Wata zai shiga tsakanin rana da duniya, gari ya yi duhu da rana tsaka. Ta raba wa ɗalibai tabarau na takarda masu baƙin ido, kowa har da na mutanen gidansu.

"Ku saurara da kyau," in ji ta. "Kada wanda ya kalli rana babu wannan tabarau, domin tana ƙona ido. Sai ta rufe ruf ne kaɗai za ku iya cirewa. Da haske ya fara dawowa, ku mayar."

Ranar Asabar yaron ya riga kowa tashi. Ya zuba tabarau ɗin duka a aljihun rigarsa. Ya shiga kicin, ya fito, ya leƙa taga, ya koma.

"Mama, ba ki gama ba har yanzu?"

"Kai dai zauna ka karya tukuna," in ji Mama. "Ranar ba gudu za ta yi ba."

Da farko Baba ya ce su tsaya a ƙofar gida. Yaron ya ɗaga kai ya ga reshen bishiyar maƙwabta.

"Baba, nan bai yi ba. Ganye zai tare mana."

Suka matsa bakin titi. Can kuma ya ce wayoyin lantarki sun yi yawa. Baba ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki kujerar Kaka, suka nufi filin ƙwallon makaranta. Kaka tana tafe a hankali tana dogara sanda. 'Yar auta, ƙanwarsa, tana riƙe da hannun Mama.

Filin ya cika da jama'a. Mama ta shimfiɗa tabarma kusa da ragar gola. Kaka ta zauna tana shafa gwiwa.

"Ni kam na iso," in ji ta. "Tunda nake ban taɓa ganin rana ta rufe gaba ɗaya ba. Yau a nan zan gani."

"Amma Kaka, mutane sun yi yawa. Za su tare mana."

Baba ya yi dariya. "Rana tana sama, mutane suna ƙasa. Kan wa zai tare maka? Zauna."

Ya zauna, amma zuciyarsa ba ta zauna ba. Can bayan kasuwa yana hango gadar da ake hawa a tsallake babban titi. Ta fi filin nan tsayi nesa ba kusa ba. Ya ce a ransa, bari in je in duba kawai in dawo. Baba yana gaisawa da wani maƙwabci, Mama tana ba 'yar auta ruwa. Yaron ya sulale bai gaya wa kowa ba.

Gadar ta fi nisa fiye da yadda ya zata. Da ya isa, ya tarar ta cika maƙil. Wani ɗan sanda ya tsaya a bakin matakala ya buɗe hannu.

"Babu wuri a sama, yaro. Ina manyanka?"

"Suna can," in ji shi, ya nuna baya, ya yi gaba da sauri.

Maimakon ya koma, sai ya ce bari ya gwada wani wurin. Ya bi wani lungu, ya fita wani. Ya iske kansa a bayan wani dogon bene. Daga nan ko ranar ma ba a gani.

Sai ya lura hasken gari ya canza. Ya yi fari-fari kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. Iska mai sanyi ta taso. Ya kai hannu aljihu zai ɗauko tabarau nasa, sai ya ji su da kauri. Na Baba, na Mama, na Kaka, na 'yar auta, duk suna wurinsa.

'Yar auta ba ta jin bari. Duk abin da mutane suke kallo, ita ma sai ta kalla. In ta ɗaga kai ta kalli rana fa?

Ya juya da gudu, amma lungunan duk sun yi masa kama ɗaya. Ya yi dama, ya dawo, ya yi hagu. Hawaye suka cika masa ido. A bakin hanya ya ga wani mai faci yana zaune kan tsohuwar taya.

"Baba, don Allah ina filin makaranta?"

Mai facin ya dube shi sama da ƙasa. "Ka ga tankin ruwan can? Bi shi, kada ka ratse. Filin yana ƙarƙashinsa. Kuma kalli gabanka, akwai motoci."

Yaron ya yi godiya ya zuba da gudu. Ya kutsa cikin jama'a yana cewa, "Gafara dai, gafara dai," har ya hango ragar gola.

Mama tana zaune ta rufe fuskar 'yar auta da mayafinta, yarinyar tana ta kuka tana ture hannu. Kaka ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Kowa a filin yana kallon sama, ban da su.

"Ina ka shiga?" in ji Mama. "Babanka ya zagaye filin nan yana kiranka."

Yaron ya fito da tabarau ɗin daga aljihu. Shi da kansa ya durƙusa ya sa wa 'yar auta nata, sannan ya miƙa wa Kaka.

Sai ga Baba ya iso, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsaya ya zuba wa ɗansa ido. Yaron ya ji da ma faɗa ya yi masa.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Za mu yi magana," in ji Baba. Ya karɓi tabarau. "Yanzu zauna nan kusa da kakarka."

Ya zauna. Rana ta koma siririya kamar yankan farce. Tana raguwa, tana raguwa, sai ta rufe ruf. Gari ya yi duhu. Filin ya yi tsit. Suka cire tabarau, suka ga baƙar da'ira da farin haske kewaye da ita.

"Yaya, dare ya yi?" 'yar auta ta tambaya a hankali.

"A'a, wata ne ya rufe ta. Yanzu za ta dawo."

Kaka ta kama hannun yaron ta riƙe gam. Da haske ya fara ɓullowa ta gefe, yaron ne ya fara cewa kowa ya mayar da tabarau.

Bayan haske ya dawo sosai, Baba ya ja shi gefe.

"Me ka gani a can inda ka je?"

"Ban ga komai ba, Baba. Bango kawai."

"To ka ga. Kana neman wurin da ya fi, saura kaɗan ka rasa wanda kake da shi. Ka bar ƙanwarka cikin haɗari, ka tayar mana da hankali."

"Ba zan sake tafiya ban faɗa ba."

"Na yarda da kai," in ji Baba, ya dafa kafaɗarsa.

Suka kama hanyar gida, 'yar auta tana ta ba kowa labarin daren da ya zo da rana. Yaron yana cikinsu yana dariya. A ranar ya koyi cewa yaro ba ya barin iyayensa sai ya nemi izini, kuma wurin kallo mafi kyau shi ne inda kake tare da naka.