Wayyon Da Ya Kuɓuce Wa Ramla

"Wayyo Inna, hannuna!"

Kafin Ramla ta dafe bakinta magana ta riga ta fita. Butar gahawa ce ta karkace ta kwarara mata a bayan hannu, amma ba ƙunar ce ta firgita ta ba. Shirun da falon ya yi ne.

Hajja Ibtisam, mahaifiyar saurayinta Abdulwahab, ta ajiye finjalinta a hankali.

"Me kika ce, 'yata?" ta tambaya da Larabci.

Huda, 'yar ƙanwar Hajja da ta rako ta, ta yi wani murmushi. Ita dama tun suna yara take ganin Abdulwahab nata ne.

"Rotana ce, ya khalti. Yaren Fallata."

Fallata. Haka suke kiran duk wanda kakanninsa suka taho daga yamma, Bahaushe ne ko Bafulatani, ko da kuwa a bakin Kogin Nilu aka binne cibiyarsa. Rotana kuwa ita ce duk yaren da ba Larabci ba.

Wata uku Abdulwahab ya yi yana shirya wannan zuwa. A wani kantin magani na Sennar inda Ramla take aiki ya fara ganinta, ya dinga sayen maganin mura alhali lafiyarsa ƙalau, har ta ji kunya ta ba shi lambarta. Shi ya ce a karɓi Hajja a gidan Ruqaya, gwaggon Ramla, da ke cikin gari, kada a ambaci Mai Wurno, garin Hausawan da Ramla ta fito.

"Ba ƙarya za mu yi ba, habibti... shiru kawai za mu yi. In ta so ki, sauran mai sauƙi ne."

Ai kuwa Hajja ta so ta. Ta yaba lallenta, ta yaba yadda ta naɗa lafayarta ta tob, ta ce Larabcinta kamar na 'yar gidan malamai. Sai dai zafi ba ya shawara da mutum, da harshen da aka goya ka yake fita.

Hajja ta miƙe tana gyara mayafi.

"Mutanen kirki ne ku, wallahi. Masu ɗibar mana auduga duk naku ne, ba su taɓa mana sata ba." Ta dubi ƙofa inda ɗanta yake tsaye. "Amma kowa da gidansu."

Ramla ta ɗaga ido tana jiran ya ce wani abu.

Takalminsa yake kallo.

Washegari ta hau motar Mai Wurno, hannu naɗe da bandeji. Inna Dije, kakarta da ta rene ta tun rasuwar uwarta, ba ta tambaye ta komai ba. Ta dai shafa mata zuma a ƙunar, ta ci gaba da tsintar waken da take yi.

Kwana tara babu kira. Ramla ta rame, ta tsani wayarta, amma ko banɗaki da ita take shiga. Son shi take, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma haushin kanta take ji da ta kasa dainawa.

Ran na goma da la'asar sai ga shi a ƙofar gida, jallabiya fara ƙal.

Inna ta washe baki, ta jawo masa gadon igiya ƙarƙashin dalbejiya.

"Lale da angona. Wanga ne ka hana ɗiyata cin tuwo?"

Bai ji ko kalma ɗaya ba, ya yi yaƙe. Inna ta shige madafa dafa shayi.

"Na yi faɗa dominki, Ramla. Hajja ta yarda."

Ta matso kusa da shi.

"Da gaske, nur aini?"

"Da sharaɗi biyu... ƙanana ne." Ya sosa ƙeya. "A Sennar za a yi biki, gwaggonki ta tsaya a matsayin uwa. Haboba, kakarki, ta zauna a gida, mu zo mu gaishe ta daga baya. Sannan yaranmu... kada su tashi da rotana. Don amfaninsu ne, habibti. Kin san yadda mutane suke."

"Kakan Inna a nan ya mutu, Abdulwahab. Ga maƙabartar can bayan masallaci. Fiye da shekara ɗari muna noma ƙasar nan. Sai yaushe za mu zama 'yan gida?"

"Ni ban ce ke baƙuwa ce ba."

"Ba ka ce komai ba. Ran nan ma ba ka ce komai ba."

Ƙarar kofuna ta sa suka waiga. Inna ce tsaye da faranti. Larabcinta na kasuwa ne, amma ya ishe ta gane an ce kada ta zo. Ta ajiye shayin a gabansa, ta zuba masa sukari cokali uku da hannunta.

"Ki amsa mishi, ɗiyata," ta ce da Hausa. "Ni mi ya rage min? In sun tambaya, ki ce musu na rasu."

Nan ne Ramla ta ji wani abu ya tsinke a ranta. Ta dubi mutumin da ta yi shekara tana mafarkinsa, ta ga har yanzu kyakkyawa ne, har yanzu tana son sa, kuma ba zai taɓa tambayar me tsohuwar nan ta ce ba.

"Sha shayinka," ta ce. "Motar ƙarshe ba ta jira."

"Ramla..."

"Ka gaida Hajja."

Ya daɗe a tsaye kafin ya fita. Bai waiwayo ba, ita ma ba ta raka shi ba.

Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan ta bar inda take tsaye. Ta zube ta kifa kai a cinyar Inna.

"Faɗa mini, ɗiyata. Mi ke ranki?"

Ramla ta buɗe baki. So take ta ce ta zaɓe ta, ta ce ba ta nadama, ta ce amma ciwon zai kashe ta. Ta lalubi kalmomin da Hausa, suka ƙi zuwa. Hausarta ta gaisuwa ce da aike da cin abinci, makaranta da birni sun cinye sauran tuntuni.

Da Larabci ta yi kukanta, tana faɗa tana shessheƙa. Inna ta yi ta shafa kanta tana cewa "to, to," ko rabin maganar ba ta gane ba.