Kunnen Makarantar Tafki

Na'urar ta farka kafin yara su iso. Ƙananan abubuwa ne farare kamar ƙwan zabo, an manna su a rufin kowane aji da ɗakin cin abinci, har da bakin famfo. Kunne ake kiranta. Ba ta gani, sai dai ba abin da ke wuce ta na magana.

Makarantar tana Birnin Tafki, garin da aka gina a kan ruwa bayan tafkin Chadi ya dawo. Wani kamfani mai suna Asusun Inuwa ne ya zuba jari a cikinta. Masu kamfanin sun yi wa duniya alkawari cewa a makarantunsu ba za a ƙasƙantar da ɗan kowa ba saboda ƙabilarsa ko launin fatarsa. Alkawarin mai kyau ne, kowa ya yaba. Amma suna nesa, ba za su zo su duba ba, shi ya sa suka aiko Kunne. In ta ji kalmar raini, fitilar bango ta koma ruwan ɗorawa. In ta sake ji, ta yi ja, sai a ɗauke mai laifin zuwa Ɗakin Gyara. Ba wanda ya san abin da ake yi a ciki.

Yagana ce mai dafa abincin makarantar, dattijuwa Babarbariya mai zane a kumatu. Akwai wata yarinya Bafulatana, Pendo, da iyayenta suka zo birni bayan wurin kiwo ya ƙare. Tun da aka kawo ta ba ta magana, ba ta cin abinci, sai ta zauna ta ƙura wa ruwa ido. Yagana ce ta gano maganinta. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne.

"Ke baiwata, zo nan," in ji Yagana wata rana. "Ko sai na tatso miki saniya? Dubi wuya kamar sillen kara."

Yarinyar ta ɗago kai a karon farko. "Ke ce baiwarmu. Wa ya yage miki fuska, kyanwa?"

Yagana ta yi dariya har ludayi ya faɗi. Ranar Pendo ta cinye tuwonta tas. A tsakar gida aka yi wannan, inda ba Kunne. Haka suka saba, har ruwan sama ya kora kowa cikin ɗakin cin abinci, Yagana ta manta ta ce, "Baiwata, miƙo kwano."

Fitila ta koma ruwan ɗorawa. Cokula suka tsaya.

Shugabar makaranta, Malama Saratu, ta ja Yagana gefe. "Iya, don Allah ki rufa mana asiri."

"Wasa ne fa, 'yar nan. Kakata ma haka take yi da su."

"Ni na sani. Kunne ce ba ta sani ba. Na rubuta wa masu kamfanin, inji ne ya amsa mini. Direban jirgin yara da aka kai Ɗakin Gyara, kin ga yadda ya fito? Ko matarsa ba ya yi wa raha."

Yagana ta gan shi. Tun daga lokacin gabanta yake faɗuwa in ta ɗaga kai ta ga farin ƙwan nan a rufi.

Washegari ta kame bakinta. Pendo ta zo layi da kwanonta tana murmushi, da alama ta kwana tana shirya abin da za ta faɗa.

"Baiwata, yau me kika dafa wa uwargijiyarki?"

Fitila ta koma ruwan ɗorawa. Yagana ta zuba mata miya. Ta girgiza kai, ta nuna rufi da ido. Yarinyar ba ta gane ba. Ta ɗauka fushi ake yi da ita, sai ta ƙara murya don ta ba ta dariya.

"Kurma ce ke? Barebari bayin Fulani! Ki amsa mana!"

Fitila ta yi ja. Ƙofar ƙarfe ta gefe ta zuge da kanta, wasu injuna biyu masu taya suka shigo a hankali, hannayensu lulluɓe da soso mai laushi. Wannan laushin ne ya fi ba Yagana tsoro. Ta zagayo ta rungume yarinyar.

"Ni na koya mata! Ni za ku ɗauka! Jikata ce!"

Wata murya mai sanyi ta sauko daga rufi. "Yagana, kwantar da hankalinki. An ci zarafinki, kuma an kare ki."

"Ba wanda ya ci zarafina!"

"Waɗanda aka zalunta sukan faɗi haka."

Suka zare Pendo daga jikinta kamar ana zare zare daga allura. Yarinyar na ihu, "Iya! Iya, ki ce musu wasa ne!" Ƙofar ta rufe.

Bayan haka yara suka sake wurin zama ba tare da an ce musu ba. Barebari gefe guda, Fulani gefe guda, Tibi da Jukunawa kowa da nasa teburin. Wanda bai yi magana da baƙo ba ba zai yi kuskure ba. Kamfanin ya aiko da yabo, wai makarantar ta zama abin koyi, ba a ƙara jin kalmar raini ko ɗaya ba.

Damina na ƙarewa aka dawo da Pendo. Ta yi ƙiba, an gyara mata kitso. Ta shiga layi ta miƙo kwano da hannu biyu. Yagana ta sunkuya, ta yi ƙasa da murya yadda take fata rufi ba zai ji ba.

"'Yar nan, ni ce fa."

Yarinyar ta dubi ludayin, ba ta dubi fuskarta ba.

"Barka da rana, ma'aikaciya," ta ce. "Ina girmama al'adarki. Na gode da hidima."

Ta ɗauki kwanonta ta wuce teburin Fulani.